Masu Gadin Ganye

Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da makullin ƙofar jami'a a Tawa,
ni da Arzika, shi hagu, ni dama.
Ban taɓa shiga ɗakin kwalabensu ba
sai Talatar da aka ɗauke wuta,
Haulatu ta leƙo ta taga:
"Baba Nomau, zo ka riƙe mini madubi,
ka karkato mini rana."

Ganyen wake ne daga lambun Tadis.
Ta ɓare bayansa da farce,
siriri kamar yanar madara,
ta shimfiɗa a gilashi da ɗigon ruwa.
Ta ce in rufe ido ɗaya.

Sai na ga gari.
Katanga bayan katanga, fari fat, ba kowa,
sai jifa-jifa wata ƙofa,
kowace ƙofa da mutum biyu a kwance,
sun lanƙwashe kamar ƙoda,
kai ya taɓa kai, ƙafa ta taɓa ƙafa.
A cikinsu ƴan ƙwayoyi kore shar,
kamar geron da bai nuna ba.

"Duk faɗin fatar nan su aka ba koren," in ji ta.
"Ƙwayoyin, kuloroflas.
Su biyun kuwa, sunansu masu gadi."
Na yi dariya har hasken ya goce.

Ta jira na gama.
Ta ce tun jiya ƙwayoyin suka sha rana,
suka daka ta gari, suka ɓoye a rumbu.
Da asuba, haske na taɓa su,
sai a fasa rumbu.
Da ƙarfin nan mai gadi yake jawo gishiri cikinsa,
irin gishirin da ke cikin toka,
ruwa kuma, ka san halinsa,
inda gishiri ya shiga nan yake bi.
Ciki ya cika, baya ya miƙe,
gefen ƙofa mai kauri ya ƙi miƙewa,
sai su gantsare, kowa ya ja da baya.
Tsakaninsu baki ya buɗe.

Ba hannu, ba sakata.
Ƙoshi ne yake buɗe ƙofar.

Na ce, wa ke shiga?
Ta ce iskar da ganye ke tuƙa abinci da ita.
Wa ke fita?
Ta yi shiru kaɗan. Ruwa, Baba.
Kowace loma da kuɗinta.
Shi ya sa in azahar ta yi zafi,
saiwa ta aiko cewa ƙasa ta bushe,
sai su zubar da gishirin, su saki jiki,
ƙofa ta koma.
Ta ce masana sun daɗe suna gardama
ko ƴan ƙwayoyin nan sun isa aikin,
ko sai maƙwabta sun miƙo taimako ta katanga.
Na ce wannan ba sai an je lakwal ba,
wata biyu ke nan albashi bai zo ba,
tuwon gidan Arzika nake ci.

Wuta ta dawo, ta karɓi madubinta.

Da dare na ba Arzika labari.
Ya hura gawayi, ya ce ƙaryar ƴan boko ce,
ya zuba mini shayi na biyu.

Amma yau da assalatu,
kafin in ja ɓangarena shi ya ja nasa,
na tsaya gindin bedin da ke bakin ƙofa.
Ban ji motsi ba, ban ga komai ba.
Na dai san dubu nawa ne a saman kaina
suka riga mu tashi,
sun karya da ranar jiya.
Na ce musu ina kwana.
Arzika ya ce, da wa kake?